TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI FARFESA KENNETH ONWUKA DIKE (1917–1983), UBAN ƘUNGIYAR MASANA TARIHI TA NIJERIYA

GABATARWA

A cikin wannan ɗan littafi na bukin cikar ikilisiyarmu shekara 50 an ba da labarin kafuwarta, da sunayen bayin Allah da suka yi hidima a cikinta. Mun ga ya dace mu keɓe shafi kaɗan domin wani ɗan'uwa daga kudancin ƙasar nan, wanda aikinsa ya shafi kowace al'umma da kowace ikilisiya da ta taɓa zama domin rubuta tarihinta. Shi ne marigayi Farfesa Kenneth Onwuka Dike, wanda ya kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa, ya kuma jagoranci kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya. Abin da ya ba da ransa a kai shi ne mutane su adana labarinsu, su kuma rubuta shi da hannunsu, gama idan ba su yi ba, wani ne zai rubuta masu yadda ya ga dama.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Kenneth Dike ranar 17 ga Disamba 1917 a garin Awka, cikin ƙasar Igbo, garin da yanzu shi ne babban birnin Jihar Anambra. Awka ta yi suna da maƙera waɗanda sukan yi tafiya mai nisa da sana'arsu, suna zama cikin kabilu dabam dabam. Tun yana ƙaramin yaro ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa, sai kakansa da wansa suka ɗauki nauyin renonsa. Maraya ne, amma Allah uban marayu bai yashe shi ba.

Bayan makarantar firamare ya shiga makarantar sakandare ta mishan ɗin CMS a Anacha, wadda aka sa wa sunan Acidikin T. J. Dennis domin tunawa da shi. Shi Dennis ɗin nan shi ne ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Igbo, ya kuma rasu a teku lokacin Yaƙin Duniya na Farko, a cikin shekarar da aka haifi Dike. Don haka a hannun ikilisiyar Angilikan ne yaron ya sami tushen iliminsa da tarbiyyarsa.

NEMAN ILIMI

Daga Anacha ya wuce Kwalejin Achimota a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, sa'an nan Kwalejin Fourah Bay a Saliyo. CMS ce ta kafa wannan kwaleji a 1827, kuma Samuel Ajayi Crowther yana cikin ɗalibanta na fari. A can Dike ya sami digirinsa na farko. Daga nan ya ƙetare teku zuwa Jami'ar Aberdeen a ƙasar Sikotlan, inda ya karanta tarihi, ya gama a 1947. Ya ƙarasa a King's College ta Jami'ar Landan, inda ya sami digiri na uku, wato na dakta, a 1950.

A wancan zamani manyan malaman Turai da yawa suna koyar da cewa baƙar fatar Afirka ba su da wani tarihi da ya isa a koyar a jami'a. A ganinsu, inda babu rubutu babu tarihi, kuma abin da za a iya faɗa game da Afirka shi ne abin da Turawa suka yi a cikinta. Ɗalibin Afirka da ya je neman digiri a fannin tarihi, akan sa ran zai yi bincike a kan gwamnonin mulkin mallaka da manufofinsu. Dike ya zaɓi wata hanya. Ya ɗauki yankin da Kogin Kwara ya rarrabu ya shiga teku, ya bincika yadda sarakuna da fataken wurin suka tafiyar da cinikin manja da Turawa bayan an hana cinikin bayi. Ya karanta takardun gwamnatin Ingila, ya kuma je wurin mutanen da kansu, ya nemi takardun da ke hannun iyalai, ya saurari labarun da tsofaffi suka gada daga kakanninsu.

Wannan bincike ne ya zama littafinsa mai suna Trade and Politics in the Niger Delta, wanda aka buga a Oxford a 1956. Littafin ya bi labarin daga 1830 zuwa 1885. A ciki an ga Sarki William Dappa Pepple na Bonny da Jaja na Opobo a matsayin shugabanni masu dabara da manufa, waɗanda suka daɗe suna riƙe da ragamar ciniki a ƙasarsu kafin ƙarfin Ingila ya rinjaye su. Masana sun ɗauki littafin a matsayin mafarin sabuwar hanyar rubuta tarihin Afirka.

CETON TAKARDUN ƘASA

Dike ya dawo gida a 1950, ya fara koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948. Binciken da ya yi ya riga ya nuna masa halin da tsofaffin takardun ƙasar suke ciki. An jibge su a ɗakunan ajiya na ofisoshin gwamnati, gara da laima suna cinye su, babu mai kula. Gwamnati ta ba shi aikin duba lamarin. Ya zaga ofisoshi a sassan ƙasar, sa'an nan ya rubuta rahoto, ya ba da shawara a kafa ofishi na musamman domin adana su.

An kafa ofishin a 1954, shi ne kuma shugabansa na farko. Dokar da aka yi a 1957 ta mai da shi gidan adana takardun tarihi na ƙasa, aka kuma yi masa manyan rassa 3: Ibadan, Enugu da Kaduna. Reshen Kaduna shi ya fi shafar mu. A nan aka tara takardun Sakatariyar Lardunan Arewa, da fayilolin larduna irin su Zariya, Kano, Sakkwato da Filato, da rahotannin da joji-joji suka rubuta game da gundumomi da kabilu, da littattafan Larabci da na ajami. A cikinsu akwai wasiƙun da suka shafi neman izinin kafa tashoshin mishan da makarantu. Ɗan Arewa da yake son sanin yadda aka yi da garinsu a zamanin Turawa, ko yadda bishara ta shiga ƙasarsu, yana da wurin da zai je ya duba. Ga takardun gwamnati kuma Dike ya ƙara da na mishan, shi ya sa tsofaffin takardun CMS suke ajiye a reshen Ibadan. A wannan lokaci ne kuma aka naɗa shi shugaban hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa.

KAFUWAR ƘUNGIYAR MASANA TARIHI

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dike ya gane cewa tara takardu kaɗai ba zai isa ba, sai an sami mutanen da za su karanta su, su auna su, su gyara wa juna kuskure, su kuma kai abin da suka gano ga yara a makaranta. Saboda haka a 1955, a Ibadan, shi da abokan aikinsa suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, aka zaɓe shi shugabanta na farko. Ana lissafta ta cikin ƙungiyoyin masana mafi daɗewa a ƙasar nan. Shekaru ne na kafa abubuwa da hannun 'yan ƙasa, gama ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tarayyar ikilisiyoyin da yanzu ake kira TEKAN kuma ta kafu a 1955, ƙasar kanta tana shirin karɓar mulkin kai.

Ƙofar ƙungiyar a buɗe take ga malaman jami'a da malaman sakandare da duk mai sha'awar tarihi. Takan yi babban taro kowace shekara, inda masu bincike sukan karanta abin da suka gano, sauran su yi masu tambayoyi. A Disamba 1956 ta fitar da mujallarta ta farko. Wannan mujalla ta ba ɗan Nijeriya wurin buga bincikensa a gida, ba sai ya jira yardar wani edita a ƙasashen waje ba. A 1965 ƙungiyar ta fara wata mujalla mai sauƙin karatu domin ɗalibai da malamansu, mai suna Tarikh, kalmar Larabci wadda daga gare ta muka sami tamu kalmar, tarihi.

Cikin waɗanda suka yi aikin kafa ƙungiyar tare da Dike akwai wani Bature ɗan Ingila mai suna H. F. C. Smith, wanda ya riƙe mata sakatare. Smith ya sa hankalinsa a kan Arewa. A 1961 ya buga wani rubutu a mujallar ƙungiyar yana jan hankalin masana ga jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, da tarin littattafan da malaman wancan zamani suka bari. A 1962 ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Daga baya ya musulunta, aka san shi da suna Abdullahi Smith, shi ne kuma ya kafa cibiyar bincike ta Arewa House a Kaduna a 1970. Ga Kirista ɗan Awka, ga Baturen da ya zama Musulmi a Zariya, amma aiki ɗaya suka sa a gaba, wato neman gaskiyar abin da ya faru.

Itacen ya yi 'ya'ya. Dike ne babban editan jerin littattafan tarihi na Ibadan. A cikin jerin ne J. F. Ade Ajayi ya buga littafinsa game da mishan na Kirista a Nijeriya a 1965, E. A. Ayandele ya buga nasa game da tasirin mishan a 1966, Murray Last kuma ya buga nasa game da Daular Sakkwato a 1967. Bayan Dike, masana irin su Saburi Biobaku da Ade Ajayi sun shugabanci ƙungiyar. A 1980 ta fitar da babban littafin tarihin Nijeriya mai suna Groundwork of Nigerian History, wanda Obaro Ikime ya shirya, masana da yawa suka sa hannu a cikinsa. Ƙungiyar ta cika nata shekaru 50 a 2005. Sa'ad da aka cire tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, ƙungiyar tana cikin waɗanda suka yi ta kai kuka, har gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da darasin a 2022.

HIDIMARSA GA IKILISIYA

A 1957 ikilisiyar Angilikan ta yi bukin cikar Mishan ɗin Kwara shekara 100, gama a 1857 ne Crowther da Rabaran J. C. Taylor suka kafa tashar Anacha. Dike ne ya gabatar da tarihin mishan ɗin a majami'ar Christ Church ta Anacha, aka kuma buga jawabin ya zama ɗan littafi. Ya fara labarin daga tafiyar da aka yi ta Kogin Kwara a 1841, ya kai shi 1891, shekarar rasuwar Bishof Crowther. Labarin ya nuna cewa baƙaƙen fata, musamman 'yantattun bayi daga Saliyo, su ne suka ɗauki nauyin wannan aiki a kafaɗarsu shekaru masu yawa.

Wannan tafiya ta 1841 ta shafe mu kai tsaye. Tare da Crowther akwai wani Bajamushe, Rabaran J. F. Schön, wanda ya duƙufa ga koyon Hausa. Ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, ya kuma juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki. Daga wannan ƙaramin mafari aikin ya ci gaba a hannun waɗansu, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Mun san waɗannan abubuwa ne domin akwai waɗanda suka rubuta, akwai waɗanda suka adana, akwai kuma irin su Dike da suka tono suka bayyana.

SHUGABANCIN JAMI'A DA SHEKARUN WAHALA

A 1956 Dike ya zama farfesa kuma shugaban sashen tarihi a Ibadan, ya sa tarihin Afirka a tsakiyar abin da ake koyarwa. A 1959 aka sa shi cikin kwamitin Ashby mai duba ilimi mai zurfi, tare da Shettima Kashim na Borno. Shawarar kwamitin tana cikin abubuwan da suka kai ga kafa jami'a a Zariya. A 1960 ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sa'ad da kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1962, shi ne shugabanta na farko. A ƙarshen wannan shekara ya shugabanci babban taron masanan Afirka na duniya, na farko, wanda aka yi a Accra.

Sa'an nan duhu ya sauko wa ƙasar. A 1966 aka yi juyin mulki har sau 2, aka kashe shugabanni, aka kuma kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa. Dike ya bar Ibadan ya koma Gabas kamar sauran 'yan'uwansa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya tsaya tare da Biyafara, ya zama jakadanta mai yawo a ƙasashen waje har yaƙin ya ƙare a Janairu 1970. Ba za mu ɓoye wannan ba, gama shi kansa bai koyar da ɓoye abin da ya faru ba. Iyalai da yawa a cikinmu sun ba da 'ya'yansu a ɗaya gefen wannan yaƙi, waɗansu ba su dawo ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tara tarihin Nijeriya wuri ɗaya ya ga ƙasar ta tsage a gaban idonsa. Amma ƙungiyar da ya kafa ba ta mutu ba, gidajen adana takardu kuma suna nan, domin ya gina su a kan mutane da yawa, bai rataya su a wuyansa shi kaɗai ba.

Bayan yaƙin ya tafi Amurka, ya koyar da tarihin Afirka a Jami'ar Harvard shekaru da dama. Daga baya ya dawo gida, a 1980 kuma ya zama shugaban farko na jami'ar fasaha ta tsohuwar Jihar Anambra a Enugu. Ya rasu a Enugu ranar 26 ga Oktoba 1983, yana da shekara 65. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan yana ɗauke da sunansa.

DARASI GARE MU

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana darajar irin wannan aiki. A littafin Ezra sura 5 da 6, mahukunta sun tambayi Yahudawa wanda ya ba su izinin sake gina Haikali. Da maganar ta kai wurin Sarki Dariyus, ya sa a bincika ɗakunan ajiyar takardu, aka sami umarnin Sarki Sairus a Akmeta ta ƙasar Mediya, aikin ya ci gaba har aka gama. Takarda guda da wani ma'aikaci ya adana ita ce Allah ya yi amfani da ita. Joshuwa ya sa a ɗauko duwatsu 12 daga Urdun domin 'ya'ya su gani su yi tambaya. Luka kuma, kafin ya rubuta wa Tiyofalas, sai da ya bi diddigin kome daga waɗanda suka gani da idonsu.

Duk kwamitin da ya taɓa shirya littafin buki irin wannan ya san wahalar neman ranar da aka yi baftisma ta farko, ko cikakken sunan mai bisharar farko. A ikilisiyoyi da yawa littafin baftisma da na aure suna cikin tsohon akwati a gidan wani dattijo, littafin rahoton taron dattawa ya ɓace sa'ad da aka yi wa fasto canjin wurin aiki, waɗansu kuma sun ƙone a lokacin tarzoma. Akwai ikilisiyoyin da suka shiga shari'a a kan filin da suka yi shekaru suna sujada a kai, domin takardar da mai gari ya sa wa hannu ba ta nan, shaidun kuma sun riga mu gidan gaskiya. Har wa yau, Kirista mai jin Hausa yakan ji ana ce masa baƙo ne a ƙasar kakanninsa. Amsar wannan magana tana cikin sunaye da shekaru da takardu, idan mun adana su.

Saboda haka muna roƙon ikilisiya ta ɗauki waɗannan matakai, bisa ga gurbin da wannan bawan Allah ya bari.

Na ɗaya, a tara dukan littattafan baftisma, aure, jana'iza, kuɗi da rahoton taro, da takardun fili, a sa su cikin akwatin ƙarfe a wurin da babu laima, a rubuta jerinsu, a riƙa miƙa jerin daga sakatare zuwa sakatare.

Na biyu, a ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye a kwamfuta, a kuma kai kwafi ofishin gunduma, domin idan wuta ta ci ɗaya, ɗaya ya tsira.

Na uku, matasa su je wurin tsofaffinmu, maza da mata, su ɗauki muryarsu a waya tun suna da rai, su rubuta abin da suka faɗa. A tambayi fiye da mutum ɗaya a kan kowane al'amari, gama haka Dike ya yi, yana auna labarin baka da abin da ke rubuce. Kada a manta da iyayenmu na zumuntar mata, waɗanda suka ɗebo ruwa da yashi aka gina majami'a, amma sau da yawa sunayensu ba sa shiga littafi.

Na huɗu, a kafa ɗan kwamitin tarihi mai ɗorewa, wanda ba zai watse bayan buki ba.

Na biyar, a rubuta gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Littafin da ya ba mu labarin bangaskiyar Dawuda bai ɓoye zunubinsa ba. Tarihin da aka cire masa tsatsaguwa da faɗuwa da tuba ba zai koya wa 'ya'yanmu kome ba.

KAMMALAWA

Waiwaye adon tafiya ne. Marayan Awka ya sami takardun ƙasarsa gara tana ci, ya bar su a adane. Ya sami ana cewa mutanensa ba su da tarihi, ya bar ƙungiyar da ta cika shekara 70 a 2025 tana rubuta shi. Waɗanda za su yi bukin cikar wannan ikilisiya shekara 100, yawancinsu yanzu suna makarantar Lahadi, waɗansu ba a haife su ba tukuna. Abin da muka adana masu shi za su samu. Muna gode wa Allah domin rayuwar Farfesa Kenneth Onwuka Dike, da ta iyayenmu da suka kafa wannan ikilisiya. Ubangiji ya ba mu aminci mu riƙe abin da aka danƙa mana, mu miƙa shi ga na baya ba tare da ragi ba. Amin.